Yadda ake sayar da sabon gida a Ingila a rukunin da hukuma ba ta karɓi titinsa ba

Da yawa daga cikin waɗanda suka sayi sabon gida a rukunin gidaje a Ingila ko Wales, sai sun tashi sayarwa suke gane cewa titin ƙofar gidansu ba na hukuma ba ne. Kwaltar ƙarshe ba a shimfiɗa ba, murafan magudanai sun ɗago sama da titi, wasu fitilu ba sa kamawa. A can titi ba ya zama na gwamnati don kawai jama'a na bi ta kansa. Sai hukumar hanyoyi ta yankin ta duba shi ta karɓa a rubuce, sannan gyaransa ke komawa kan kuɗin jama'a. Kafin nan nauyin yana wuyan maginin rukunin, ko kamfanin da ke kula da rukunin, ko masu gidajen da kansu.

Irin wannan gida yana sayuwa, kullum ana sayar da su. Inda ciniki ke lalacewa shi ne a mako na shida ko na takwas, lokacin da lauyan mai saye ya aiko da tambaya kan titin, aka rasa takardar da za a amsa masa da ita. Ka tuna cewa bayan mai saye akwai bankin da zai ba shi bashin gida, kuma bankin nan ba ya zuwa kallon ɗakin girki, takarda yake karantawa. Scotland tana da nata tsarin daban, bayanin nan bai shafe ta ba.

Abubuwan da za ka tanada

- Rajistar mallaka da taswirar gidan daga ofishin rajistar filaye, wato HM Land Registry. Ana sauke su ta intanet, fam 7 kowace ɗaya.
- Takardar TP1, wadda maginin ya miƙa wa mai gida na farko filin da ita.
- Kwafin yarjejeniyar Sashe na 38 na Dokar Hanyoyi ta 1980, wadda magini da hukuma ke yi kan karɓar titi, da takardar tsayawar da ke bayanta, wato lamunin da banki ko kamfanin inshora ya tsaya wa maginin.
- Kwafin yarjejeniyar Sashe na 104 na Dokar Harkar Ruwa ta 1991, ta magudanan ƙarƙashin ƙasa.
- Garantin gini na shekara 10, na NHBC ko LABC ko Premier Guarantee.
- Izinin gini, takardar shaidar kammala gini, da takardar EPC ta amfani da makamashi, wadda ke aiki shekara 10.
- Duk takardun neman kuɗin kula da rukuni da rasit ɗin biyansu.
- Rahoton da lauyanka ya rubuta maka lokacin da ka sayi gidan. Rabin abubuwan da ke sama suna cikin wannan kundi, don haka fara da shi.
- Lauyan cinikin gidaje da ya saba da sabbin rukunai. Ka ɗauke shi kafin a sa gidan a kasuwa.

Idan kundin ya ɓace, ofishin lauyan da ya yi maka aikin saye yakan ajiye fayil na wasu shekaru, ka nema. TP1 kuma galibi ana samun kwafinta a ofishin rajistar filaye.

1. Gano matsayin titin

Doka ta wajabta wa kowace hukumar hanyoyi ta ajiye jerin titunan da ake gyarawa da kuɗin jama'a, a ƙarƙashin Sashe na 36 na Dokar Hanyoyi, kuma dubawa kyauta ne. Shafin FindMyStreet ma yana nuna wanda ke da alhakin titi. Ka lura da wace hukuma za ka tuntuɓa. A birane irin su Birmingham da Manchester hukuma ɗaya ce ke riƙe da komai. A wurare kamar Kent ko Essex, hanyoyi suna hannun babbar hukumar lardi, kwashe shara kuma yana hannun ƙaramar hukumar gunduma. Mutane suna ɓata makonni suna rubuta wa wadda ba ita ba.

Titinka zai faɗa ɗaya daga cikin huɗun nan. Na farko, an sa hannu a yarjejeniyar Sashe na 38 kuma akwai takardar tsayawa: wani banki ko kamfanin inshora ya tsaya wa maginin, idan ya gaza hukuma za ta karɓi kuɗin ta ƙarasa aikin. Wannan shi ne mafi sauƙin sayarwa. Na biyu, an amince da zanen titin amma ba a sa hannu ba, magana ce kawai ta “muna kan hanya”. Na uku, tun asali ba a yi nufin miƙa titin ba, zai zauna hannun kamfanin kula da rukuni, masu gidaje suna biya duk shekara. Na huɗu, babu yarjejeniya, babu kamfanin kula, babu wanda ya ɗauki nauyi a rubuce.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaukar na biyu a matsayin na farko, saboda ma'aikacin ofishin tallan rukunin ya taɓa cewa hukuma za ta karɓa. Maganar baki ba ta shiga fayil ɗin lauya. Wani kuskuren kuma: babban titin rukunin yana cikin yarjejeniya, amma ɗan lungun da ke shiga gidaje huɗu ko biyar, har da naka, ba ya ciki. Yarjejeniyar tana da taswira mai launi. Ɗora ta kusa da taswirar gidanka ka bi da yatsa daga ƙofarka har zuwa tsohon titin gwamnati, ka ga ko akwai inda launin ya yanke.

2. Rubuta wa hukuma da maginin

Ka aika imel zuwa sashen karɓar tituna na hukumar hanyoyi, da wani zuwa sashen fasaha na kamfanin da ya gina rukunin. Ofishin talla ba shi da amsar. Tambayoyin su zama gajeru masu lamba: ranar da aka sa hannu a yarjejeniyar, wa ya tsaya kuma nawa ya rage a kuɗin tsayawar, wace takardar shaida aka bayar zuwa yanzu, waɗanne ayyuka suka rage, yaushe ake sa ran karɓa.

Don ka fahimci amsar, ga yadda aikin ke tafiya. Ana shimfiɗa kwaltar ƙasa tun farko domin motoci su samu wucewa. Kwaltar sama, ta ƙarshe, ana jinkirta ta har manyan motocin gini su daina bi, don kada su farfasa ta. Shi ya sa murafan ƙarfe suke tsaye sama da titi, an kewaye su da ɗan tudun kwalta: an saita su ne da tsayin da titin zai kai idan an gama. Bayan an shimfiɗa ta sama, jami'in hukuma zai duba ya ba da shaidar wucin gadi, sai a shiga lokacin gwaji, galibi wata 12, wanda duk abin da ya lalace maginin ne zai gyara. Daga nan sai shaidar ƙarshe, titi ya zama na hukuma. Kuma hukuma ba ta karɓar titin da bai haɗe da wani titin nata ba. Idan gidanka yana kashi na uku na rukunin, dole kashi na ɗaya da na biyu su rigaye ka.

Idan hukuma ta yi shiru, sake aika tambayoyin a matsayin buƙata a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2000. Kwana 20 na aiki doka ta ba su. Kansilan mazaɓarku ma yana iya motsa fayil ɗin da ya kwanta, musamman idan maƙwabta goma suka sa hannu a wasiƙa ɗaya.

Gargaɗi guda: idan a mataki na 1 ka ga alamar titinka nau'i na huɗu ne, ko babu haƙƙin wucewa a takardunka, kada ka rubuta wa kowa sai ka yi magana da lauyanka. Akwai inshorar da ake saye don rufe irin wannan giɓi, kuma kamfanonin inshora sukan ƙi bayarwa idan an riga an ankarar da mai filin ko hukuma.

3. Bi sawun magudanai

Sau da yawa abin da ya riƙe titin yana ƙarƙashinsa ne. Hukumomin hanyoyi ba sa son karɓar titin da bututun ƙazanta da na ruwan sama da ke ƙasansa ba su shiga hannun kamfanin ruwa ba, domin duk ranar da suka fashe titinsu za a haƙa. Tambayi kamfanin ruwan yankinku ko akwai yarjejeniyar Sashe na 104 da aka sa wa hannu, da abin da ya rage. Yawanci ana jiran hoton cikin bututu da ake ɗauka da kyamara, ko gyaran tashar famfo, ko zanen yadda aka gina a zahiri. Kada ka dogara da abin da ya faru a ranar 1 ga Oktoba 2011, lokacin da aka miƙa tsofaffin magudanai masu zaman kansu ga kamfanonin ruwa. Wannan bai haɗa da rukunan da aka gina bayan nan ba.

4. Karanta TP1 layi bayan layi

A nan ya kamata ka zauna da shayi ka ba ta awa guda. Abu huɗu kake nema.

Haƙƙin wucewa. Tunda titin na wani ne, dole takardar ta ce kai da duk wanda zai gaje ka a gidan kuna da ikon bi da ƙafa da mota a kowane lokaci, har zuwa titin gwamnati, tare da ikon amfani da bututun ruwa, waya da wuta da ke ƙarƙashinsa. Ka nemi kuma alkawarin maginin cewa zai kammala titin, zai kula da shi har a karɓa, kuma zai ɗauke wa masu gidaje duk kuɗin da hukuma za ta iya nema.

Takunkumin rajista. A yawancin sabbin rukunai an sa sharaɗi a rajistar mallaka cewa ba za a rubuta sunan sabon mai gida ba sai kamfanin kula ya ba da shaidar amincewa. Mai saye zai sa hannu a takardar alkawarin ci gaba da biyan kuɗin kula, kuma kamfanin zai caji kuɗi a kan kowace takarda. Idan ana binka ko fam 40 ne, shaidar ba za ta fito ba.

Yadda aka ɗaure kuɗin kula a kan gidan. Wannan shi ne wurin da bankuna suka fi tsayawa. A rukunai da yawa an rubuta kuɗin a matsayin haraji na dindindin a kan filin, kuma Sashe na 121 na Dokar Dukiya ta 1925 ya ba mai karɓar irin wannan kuɗi iko mai tsanani: idan aka yi kwana 40 ba a biya ba, ko da bai aiko da takardar nema ba, yana iya shiga gidan ko ya ba da shi haya na dogon zango ga wakilansa. Ba kasafai ake yin hakan ba, amma bankin da gidan ke jingine a wurinsa ba zai so jin haka ba. Idan TP1 ɗinka ba ta cire wannan iko ba, kuma ba ta tanadi a sanar da banki kafin ɗaukar mataki ba, lauyan mai saye zai nemi takardar gyaran sharaɗi daga kamfanin kula. Tana cin ɗaruruwan fam da makonni, wani lokaci watanni. Fara nemanta tun kafin mai saye ya bayyana.

Ƙananan hani. Wasu magina suna hana kafa allon “na sayarwa” a ƙofar gida muddin suna sayar da nasu. Wasu suna buƙatar izininsu kafin a ƙara ɗaki ko a canza gareji. Idan ka yi irin wannan aiki ba izini, gaya wa lauyanka yanzu.

5. Yi odar kundin kamfanin kula

Gidan da ka mallaka da filinsa, fom ɗin FME1 kamfanin zai cike. Idan na hayar dogon zango ne, kamar yawancin benaye, LPE1 ne. Kai mai sayarwa ne za ka biya. A ciki akwai kuɗin bana, lissafin shekarun baya, asusun ajiya na manyan gyare-gyare, da ayyukan da ake shirin yi. Idan titinka nau'i na uku ne a mataki na 1, asusun ajiyar nan za a fi dubawa, domin sake shimfiɗa kwalta wata rana daga aljihun masu gidaje zai fito. Kada ka yi odar kundin watanni kafin lokaci, lauyoyi ba sa karɓar wanda ya tsufa. Ranar da ka amince da tayi, ranar za ka biya kuɗinsa.

Kuɗin kula ba abin kunya ba ne a kasuwar yau. Hukumar sa ido kan gasar kasuwanci ta Birtaniya ta bayyana a rahotonta na Fabrairun 2024 cewa kashi 80 cikin 100 na sabbin gidajen da manyan magina 11 suka sayar a 2021 zuwa 2022 suna ɗauke da irin wannan kuɗi. Mai saye da ya zagaya ya riga ya saba da shi. Abin da yake so ya ji shi ne nawa ne bana, nawa ne bara, kuma me ake yi da shi.

6. Yanke farashi da lokaci

Idan maginin yana nan yana sayar da gidaje irin naka a ƙarshen layi, shi ne abokin takararka, kuma yana iya yi wa mai saye ragi, ko kafet kyauta, ko karɓar tsohon gidansa a musaya. Ba za ka ja da shi a nan ba. Abin da kake da shi: gidanka a shirye yake, an gyara ƙananan kurakuran gini, lambu ya kama, ga labule da makamantansu. Ka kira dillalai uku, kowanne ya kawo maka farashin gidajen da aka sake sayarwa a cikin rukunin, waɗanda cinikinsu ya kammala. Farashin da ke allon maginin ba ma'auni ba ne.

Idan hukuma ta rubuta maka cewa za a shimfiɗa kwaltar ƙarshe nan da wata biyu ko uku, kuma ba ka cikin gaggawa, ka jira. Idan ba a ba ka rana ba, kada ka ɗaure rayuwarka da jiran titi, akwai rukunan da suka shekara goma a haka.

Lissafa abin da zai fita kafin ka ga ribar: la'adar dillali da harajin VAT na kashi 20 a kanta, kuɗin lauya, da tarar biyan bashin gida kafin wa'adi idan kana cikin shekarun da aka ƙayyade kuɗin ruwa. Wanda ya saya da bashin gwamnati na Help to Buy, kaso zai mayar, ba adadin da ya karɓa ba. A ce ka sayi gidan fam 250,000 gwamnati ta sa kashi 20, wato 50,000. Idan ya tashi a 270,000, za ka mayar da 54,000. Ana buƙatar ƙiyasin mai kimanta gidaje ɗan ƙungiyar RICS, kuma wata uku yake aiki, don haka kada ka yi shi da wuri. Wanda kuma ya saya ta tsarin bankin Musulunci na mallakar haɗin gwiwa, ya sani galibi sunan bankin ne a rajista. Ya sanar da su tun farko, domin sai da sa hannunsu ciniki zai wuce.

7. Faɗi gaskiya a talla da a fom

Sa dillali ya rubuta matsayin titin da kuɗin kula na shekara a cikin tallar da zai ɗora a shafukan tallan gidaje na Rightmove ko Zoopla. Doka ta hana shi ɓoye bayanin da zai iya canza shawarar mai saye, kuma ɓoyewar ba ta da amfani, domin binciken CON29 da lauyan mai saye zai yi a hukuma yana da tambaya ta musamman a kan ko titi na hukuma ne, ko akwai yarjejeniya da tsayawa, ko za a gyara a caji masu gidaje. Gara wanda zai gudu ya gudu a ranar farko da ya gudu bayan ka biya lauya.

A fom ɗin TA6, na bayanin gida da mai sayarwa ke cikewa, rubuta abin da ka sani kuma kake da shaidarsa. “An sa hannu a yarjejeniyar Sashe na 38 a rana kaza, ga kwafi” amsa ce mai kyau. “Za a karɓi titin bana” alkawari ne da ba naka ba, kuma idan bai tabbata ba mai saye yana iya kai ka kotu a ƙarƙashin Dokar Bayanin Ƙarya ta 1967. Idan kun taɓa kai ƙorafi kan maginin ko kamfanin kula, ko kuna taƙaddama da maƙwabci kan wurin ajiye mota, fom ɗin ya tambaya, ka faɗa.

Masu zuwa ganin gida za su tambayi abubuwan yau da kullum: motar shara tana shigowa ko a bakin titi ake kai kwanduna, wa ke zuba gishiri idan ƙanƙara ta sauka, wa ake kira idan fitila ta mutu. Ka tanadi takarda shafi ɗaya mai waɗannan amsoshin, ka bar kwafi wurin dillali.

8. Idan banki ko lauyan mai saye ya tsaya

Littafin ƙa'idojin da bankunan bashin gida suka ba lauyoyi ya ce idan titi ko magudanan da ke hidimar gida ba na hukuma ba ne, dole a samu yarjejeniya da tsayawa, ko tsarin kula mai inganci, in ba haka ba lauya ya kai rahoto banki ya yanke hukunci. Idan an zo nan, hanyoyi uku ne.

Riƙe wani kaso na kuɗi. Lauya zai ajiye wani adadi daga kuɗin gidan, a ce fam 2,000, har titi ya shiga hannun hukuma. Kada ka yarda da wannan sai an rubuta abu uku: wa ke riƙe da kuɗin, wace takarda ce za ta sa a sake shi, da ranar ƙarshe da za a dawo maka da shi idan ba a nemi mai saye ya biya komai ba. Idan babu ranar ƙarshe, kuɗin zai tsufa a asusun lauya.

Inshora. Biya ɗaya ake yi, tana bin gidan zuwa masu gaba, tana kare su idan hukuma ta zo da takardar neman kuɗin gyara. Ba ta shimfiɗa kwalta kuma ba ta cike rami, ka bayyana wa mai saye haka. Ba kowane banki ke karɓarta ba.

Rage farashi, ko mai saye ya canza banki. Ƙa'idojin bankuna sun sha bamban, abin da wannan ya ƙi wancan yana iya karɓa. Dillalin bashin gida ya san su.

9. Idan maginin ya durƙushe

Duba kamfanin a shafin Companies House, ofishin rajistar kamfanoni, kyauta ne. Ka duba sunan da ke cikin TP1, domin manyan magina sukan buɗe ƙaramin kamfani don rukuni guda. Idan akwai tsayawa, hukuma ce kaɗai ke da ikon karɓar kuɗin, ku masu gidaje aikinku matsa mata lamba a rubuce. Idan babu, dokar 1980 ta ba hukuma damar gyara titin ta raba kuɗin a kan gidajen da ke fuskantarsa, kuma wannan haɗarin ne mai saye zai cire daga farashinka. Tambayi hukuma ko ta taɓa karɓar kuɗin ajiya daga maginin a ƙarƙashin Sashe na 219 da 220, domin idan ta karɓa, yana rage abin da zai hau kanku. Kamfanin da aka soke gaba ɗaya kuma, filin titin da ke sunansa yakan koma hannun Masarautar Birtaniya, wannan aikin lauya ne, kada ka taɓa shi da kanka. A irin wannan hali gara ku haɗu da maƙwabta ku samo ƙiyasin ɗan kwangila a rubuce. Mai saye da ya ga cewa rabon gidan fam kaza ne zai iya yin lissafi ya yi tayi.

10. Musayar kwantiragi da miƙa makulli

Kafin musaya, tabbatar duk abin da aka yi yarjejeniya a kai, riƙon kuɗi ko inshora ko gyaran sharaɗi, ya shiga cikin kwantiragin. Biya kuɗin kula har zuwa ƙarshen zangon da ake ciki, lauya zai raba shi da kwanaki mai saye ya mayar maka da nasa rabon. Idan kana da hannun jari ko kujera a kamfanin mazauna rukunin, sa hannu a takardar miƙawa, kuma idan kai darakta ne ka ajiye muƙamin a rubuce. Ranar miƙa makulli, ɗauki hoton mitoci da na titin ƙofar gida mai ɗauke da kwanan wata, ka bar wa sabon mai gida takardar garanti, kwafin wasiƙun hukuma, da sunan sashen da ke riƙe da fayil ɗin titin.